Tsoron Allah A Bakin Mudu

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko ka taɓa ƙirga sau nawa kake jin an ce wa wani "ka ji tsoron Allah" daga fitowar rana zuwa faɗuwarta? A tasha ana faɗa wa kwandasta, a kasuwa ana faɗa wa mahauci, a gida uwa tana faɗa wa ɗanta. Kirista ya faɗa, Musulmi ya faɗa, har wanda rabonsa da wurin ibada tun yana goye, shi ma faɗa yake yi muddin aka taɓa aljihunsa. Maganar ta zama kamar tsohon kwabo wanda ya sha hannu har rubutun jikinsa ya goge, kowa na miƙa wa wani, ba mai tsayawa ya duba abin da ke jiki. Ni ma haka na riƙa yi da ita, har ranar da ta juyo kaina. Bari in ba ka labarin tukuna, sa'an nan mu buɗe Littafi Mai Tsarki tare.

Ina ɗan shekara 17 aka ba kawuna ni, in riƙa taya shi sayar da hatsi a kasuwar garinmu da ke ci ran Asabar. Kawu mutum ne mai gaskiya, amma fa akwai zafin hannu. In yana rumfa ba wanda ya kai ni cika mudu. In tara dawa ta yi tozo, in tare da hannu, in ƙara gyara, mai saye ya tafi yana sa mini albarka. To amma da hantsi Kawu yakan tafi wajen masu motocin kaya, ya bar ni ni kaɗai kamar awa biyu.

A cikin awa biyun nan ne wani dattijo makaho yakan zo. Sana'arsa tufkar igiya. In ya sayar da igiyoyinsa sai ya biyo ya auni dawa mudu uku, kullum mudu uku, ba ƙari ba ragi. Ɗan jagoransa yaro ne ƙarami, da sun iso sai ya saki sandar ya ruga wajen mai rake. Ran nan sai zuciya ta ce mini, kai, wa ke ganinka? Na auna mudu uku a shafe, ba tozo ba gyara, na juye masa a buhu. Ya ce, "Ɗana, ka cika ko?" Na ce, "Na cika, Baba." Ya ce, "To madalla, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka." Abin da na rage na tara a gefe, da yamma na sayar na ci tsire. Mako ya zagayo na sake. Haka na yi ta yi har kusan wata huɗu.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, washegari Lahadi ni ne mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa ta majami'armu. In rufe ido ina kiɗa, zufa na zuba, mata na guɗa, dattawa na cewa yaron nan akwai himma ga aikin Ubangiji. Da a lokacin ka tambaye ni ko ina tsoron Allah, da na ce ƙwarai kuwa, kuma ba da niyyar ƙarya ba. Ina tsoron wuta, ina tsoron aradu, in na wuce maƙabarta da dare addu'a nake yi har in kai gida. To wane irin tsoro ne wannan, da yake bin mutum maƙabarta amma ba ya binsa rumfa? Tambayar da nake so mu duba ke nan.

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. A daji kana tsoron kura, kuma duk burinka shi ne ka yi nisa da ita, in ka tsira shi ke nan, ba abin da ke tsakaninku. A gida kuwa kana jin nauyin mahaifinka. Ba ka son ya ji wani mugun abu a kanka, ko da kuwa ya tsufa har ba ya iya ɗaga sanda. Nauyin nan ba ya kore ka daga gida, hasali ma shi ke sa ka durƙusa ka gaishe shi da safe. Da na girma na zauna da Littafi Mai Tsarki, sai na tarar yana amfani da kalma ɗaya, wato tsoro, ga waɗannan abubuwa biyu, kuma ya bambanta su sarai ga mai son gani.

Tsoro na farko da aka ambata a cikin Littafin kaf shi ne na Adamu, a Farawa sura 3. Ya ci abin da aka hana shi, ya ji motsin Ubangiji a gonar, sai ya shige cikin itatuwa ya ɓuya. Da aka kira shi, dalilin da ya bayar shi ne tsoro. Ka lura fa, tsoron nan bai hana shi cin 'ya'yan itacen ba, bayan ɓarna ya zo, kuma abin da ya haifar shi ne ɓuya da ɗora wa mace laifi. Haka Fir'auna a Fitowa sura 9. Da ƙanƙara ta sauko tana kashe mutane da dabbobi a Masar, ya aika aka kira Musa, ya amsa laifinsa da bakinsa. Musa ya yarda zai yi addu'a, amma ya gaya masa ido da ido cewa ya san har yanzu shi da fādawansa ba su ji tsoron Ubangiji ba. Sama na washewa kuwa Fir'auna ya koma gidan jiya. Tuban muzuru ke nan, kaza a baki. Yesu ma ya ba da misalin bawan da aka ba talanti ɗaya, a Matiyu sura 25. Ya ɗauki maigidansa mugu mai tsanani, tsoro ya kama shi, ya haƙa rami ya binne kuɗin. Duk ukun nan sun ji tsoro, amma ba wanda tsoron ya kai ga biyayya a cikinsu.

Wurin da aka haɗa iri biyun a aya guda shi ne Fitowa 20:20. Jama'ar Isra'ila suna gindin Dutsen Sina'i, ga tsawa, ga walƙiya, ga hayaƙi, ga ƙarar ƙaho. Jikinsu ya ɗauki rawa, suka ja da baya, suka roƙi Musa ya riƙa yi musu magana shi kaɗai kada su mutu. Musa ya ce su bar jin tsoro, kuma a cikin numfashi guda ya ce Allah ya zo ne don tsoronsa ya zauna a gabansu ya tsare su daga zunubi. Da farko na ce af, yaya haka, a bar tsoro domin a ji tsoro? Ashe abin da yake nufi shi ne su ajiye na daji su ɗauki na gida. Shaida kuwa ita ce, tsoron tsawar nan bai yi ƙarko ba. Musa ya hau dutse kwana 40, kafin ya sauko mutanen da suka yi ta makyarkyata sun narka 'yan kunnensu sun ƙera ɗan maraƙi suna rawa a gabansa. Tsoron tsawa iyakarsa lokacin da ake tsawar.

Ni ma irin nawa ke nan a rumfa. Bulalar Kawu nake tsoro, ita kuwa bulala tsawonta bai wuce inda idon mai ita ya kai ba. Da ya ba da baya sai gaskiyata ta bi shi. Manzo Bulus ya san irin wannan aiki na ganin ido, shi ya sa a Kolosiyawa sura 3 ya gargaɗi masu yi wa wani aiki su yi shi da zuciya ɗaya saboda tsoron Ubangiji, ko ana kallonsu ko ba a kallo.

To ina ake gane na gaskiyan? A nan ne Littafin Firistoci ya buɗe mini ido, littafin da yawancinmu muke tsallakewa don mun ɗauka ba komai a ciki sai yankan raguna. A wurare biyar an ba da doka, sa'an nan aka liƙa mata umarnin a ji tsoron Allah. Na farko 19:14, inda aka hana zagin kurma, aka hana ajiye abin tuntuɓe a hanyar makaho. Na biyu 19:32, a kan miƙewa tsaye don girmama mai furfura. Na uku 25:17, a kan cutar juna wajen cinikin gona. Na huɗu 25:36, a kan cin ruwan bashi daga ɗan'uwan da talauci ya kayar. Na biyar 25:43, a kan gallaza wa ɗan'uwan da talauci ya sa ya sayar da kansa yana yi maka bauta.

Duba mutanen nan da kyau. Kurma ba zai ji zagin ba, kana iya yi masa murmushi kana zagin iyayensa. Makaho ba zai san wanda ya sa dutsen ba. Tsoho in ya doso kana iya kau da kai kamar ba ka gan shi ba, ba mai kai ka ƙara. Wanda ya sayar da gona don yunwa ba shi da bakin ciniki, mai neman bashi duk sharaɗin da ka sa masa zai ce na gode, bawa kuwa wa zai kai wa kuka? Dukansu mutane ne da ba su iya ganinka, ko ba su iya ramawa. Wani malamin Yahudawa mai suna Rashi, wanda ya zauna a Faransa ya rasu a shekarar 1105, ya lura da wannan a cikin sharhinsa. Ya nuna cewa umarnin nan yana zuwa ne a kan al'amuran da ba mai sanin niyyar mai yin su sai zuciyarsa da Mahaliccinsa. Wato inda alƙali ba ya kaiwa, inda ɗan sanda ba ya shiga, inda Kawu ya tafi wajen motoci, nan aka kafa tsoron Allah ya yi gadi. Yusufu ma ranar da matar Fotifar ta kama rigarsa, Farawa sura 39 ta faɗa a fili cewa ba kowa a gidan daga cikin barori. Tun kafin ranar kuwa ya riga ya gaya wa matar cewa abin cin amanar maigidansa ne, kuma zunubi ne ga Allah. Shi a wurinsa ɗakin bai taɓa zama ba kowa ba.

Akwai kuma wani aiki da tsoron nan yake yi, wanda ba a cika faɗa ba. Yana rage wa mutum tsoron mutane. A Fitowa sura 1 sarkin Masar ya kira ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, ya umarce su su kashe duk jaririn Ibraniyawa namiji a wurin haihuwa. Aiki ne mai sauƙin ɓoyewa, yatsa biyu a wuyan jariri sai a ce bai zo da rai ba, sarki ya ji daɗi, su kuma su zauna lafiya. Matan nan suka ƙi, kuma dalili ɗaya Littafin ya bayar, wato suna tsoron Allah. Sunan Fir'aunan nan ba a rubuta shi a surar ba, amma na matan biyu yana nan har yau.

Sai ka kwatanta su da sarki Saul a 1 Sama'ila sura 15. An aike shi yaƙi da Amalekawa da umarni kada ya dawo da komai, sai ya dawo da sarki Agag da rai, da zaɓaɓɓun tumaki da shanu. Da annabi Sama'ila ya zo, Saul ya tarye shi da fara'a yana cewa ya cika umarni. Annabi ya tambaye shi, to kukan dabbobin da yake ji fa? Saul ya ce ai don hadaya aka kawo su. Nan Sama'ila ya gaya masa cewa a wurin Allah biyayya tana gaba da hadaya. Da aka matsa masa sai gaskiya ta fito: jama'a ya ji tsoro, maganarsu ya bi. Kai, ko bayan an ce masa sarauta ta kuɓuce, abin da ya roƙa shi ne annabi ya rufa masa asiri a gaban dattawa. Ungozomomi ba su da mashi ba su da doki sun tsaya wa sarki, sarki mai runduna ya kasa tsaya wa talakawansa. Kowane ɗan Adam akwai wanda yake tsoro, kuma wanda ka fi tsoro shi kake yi wa biyayya, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Yanzu mu zo kan sujada, inda gangata take. Saul ya so ya rufe rashin biyayya da hadaya, ni ma na so in rufe mudun Asabar da kiɗan Lahadi. Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, ya yi wa'azi a Isra'ila wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin da ƙasar ke cikin wadata, wuraren sujada a cike. A sura 8 ya zana hoton wasu 'yan kasuwar hatsi. Mutanen nan suna kiyaye Asabar fa, ba su buɗe rumfa, amma suna zaune suna ƙosawa ranar ta wuce su koma su rage mudu, su ƙara kuɗi, su murɗe ma'auni, su haɗa da sharar hatsi su sayar wa matalauci. A sura 5 kuma Allah ya ce ba ya son idodinsu, ba zai karɓi hadayunsu ba, a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, ba zai saurari kiɗansu ba. Ranar da na fara karanta wurin nan na ji kamar an kira sunana a lasifika. Waƙar da nake tsammani tana hawa sama, ashe can ana jinta kamar hayaniya ne, domin hannun da ke kaɗa gangar shi ne ya shafe mudun.

Annabi Malakai shi kuma daga cikin Haikali ya kama zancen. A sura 1 Allah ya tambayi firistoci, in shi uba ne ina girmamawar da ake yi masa, in shi maigida ne ina tsoronsa? Suka ce da me muka raina ka? Sai aka nuna musu dabbobin da suke kawowa bagade: makauniya, gurguwa, mai ciwo. Aka ce su gwada kai wa gwamnansu irin wannan su ga ko zai karɓa. Ɗan'uwa, tambayar nan ba ta tsufa ba. In za mu ga babban mutum muna sammako, mu goge riga, mu kashe waya, mu auna kowace kalma. In za mu sujada kuwa sai mu shigo wa'azi ya yi rabi, mu lalubo takardar kuɗin da mai kanti ya ƙi karɓa mu jefa a baiko. Ba wanda zai kama mu, domin mun ɗauki Allah kamar Baba makaho, mai karɓar duk abin da aka juye masa ya sa albarka. Wanda ya saba shafe mudu a kasuwa, a majami'a ma shafewa zai yi, hali ɗaya ne.

To ta yaya tsoro na gaskiya yake shiga zuciya? Ishaya sura 6 ta nuna tsarin. A shekarar da sarki Uzziya ya rasu, Ishaya ya ga Ubangiji a kan kursiyi, ga mala'iku masu fikafikai shida, da biyu suna rufe fuska, da biyu suna rufe ƙafa, da biyu suna tashi, suna shelar tsarkinsa har madogaran ƙofa suka girgiza. Ishaya bai tafa ba, bai yi rawa ba, kuka ya yi cewa tasa ta ƙare, domin bakinsa ba shi da tsarki. Amma ba a bar shi a nan ba. Aka ɗauko garwashi daga bagade aka taɓa leɓunansa, aka ce an kawar da laifinsa. Sai bayan wannan ne ya ji ana neman ɗan aike, ya miƙa kansa tun bai san inda za a aike shi ba. Ka ga yadda abin ya jeru: ya gani, ya tsorata, aka gafarta masa, ya tashi da gudu ya yi biyayya. Adamu ya tsorata ya shiga daji, Ishaya ya tsorata ya tsaya a gida har aka wanke shi. Mai Zabura ta 130 ma ya faɗi abin da na daɗe ban gane ba, cewa gafarar da ke wurin Allah ita ce dalilin da ake tsoronsa. Ni da na ɗauka hukunci ne ke kawo tsoro, gafara kuwa sakewa take kawowa.

Na san wani zai ce, haba malam, wannan ai zancen Tsohon Alkawari ne, mu 'ya'yan alheri ne, kuma 1 Yahaya 4:18 ta nuna cewa ƙauna in ta cika takan fitar da tsoro. Gaskiya ne, amma a ƙarasa ayar. Tsoron da ake nufi an bayyana shi a wurin, shi ne mai haɗe da azaba, irin na wanda ke jiran bulala. Shi ne Bulus ya ce a Romawa sura 8 ba mu koma cikinsa kamar bayi ba, tunda an ba mu ikon kiran Allah Uba. To ɗa ya daina jin nauyin ubansa don ya tabbata uban na ƙaunarsa? Ai sai ma ya ƙaru. A cikin ikilisiyar farko ne, bayan Fentikos, Hananiya da Safiratu suka sayar da fili, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo saura kamar shi ne duka. Bitrus ya gaya wa Hananiya cewa filin nasa ne, kuɗin ma nasa ne, ba wanda ya tilasta masa, laifin shi ne ƙaryar. Ita ma Safiratu an tambaye ta ko sun cika, ta ce sun cika. Ayyukan Manzanni sura 5 ta ce dukansu biyu sun faɗi matattu, babban tsoro ya kama ikilisiya. Wasiƙar Ibraniyawa kuma a ƙarshen sura 12 ta haɗa godiya da tsoro a wuri guda, ta ce da su ake yi wa Allah sujadar da yake karɓa, ta tuna mana cewa shi wuta ne. Wuta kuwa da ita muke dafa tuwo, da ita muke jin ɗumi da hunturu, amma ba mai hankalin da ke wasa da ita don ta saba da gidansu.

Bari in ƙarasa maka labarin Baba. Wata Laraba da yamma a wurin nazarin Littafi, wani tsohon mai bishara yana karanta Firistoci sura 19 daga tsohuwar fassarar nan ta 1932, yana bi aya aya da yatsa. Da ya kai ta 14 bai ɗaga kai ba, bai dube ni ba, bai ma san komai ba, ya wuce abinsa. Ni kuwa gumi ya karyo mini. Daren nan ban yi barci ba. Na so in gyara abin a ɓoye, in riƙa ƙara wa Baba dawa ba tare da na ce komai ba, amma na ga wannan ma wata ɓuyar ce a cikin itatuwa. Yesu ya koyar a Matiyu sura 5 cewa wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa na da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Ran Lahadi na ce ba ni da lafiya, wani ya kaɗa gangar.

Asabar na zuwa na jira Kawu ya tafi. Baba ya iso, yaro ya ruga wajen rake. Na durƙusa na ce, "Baba, ina da magana." Na faɗa masa duka, murya na rawa, ina jiran ya ɗaga sanda ko ya tara mini kasuwa. Ya yi shiru, can sai ya ce, "Ɗana, ai na sani tun makon farko. Kafaɗar da ke ɗaukar buhu ta san nauyinsa, kuma uwar gidana takan sake aunawa in na kai." Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka faɗa ba? Me ya sa kake dawowa?" Ya ce, "Kawunka ya yi mini alheri shekaru da yawa. In na faɗa zai yi maka dūkan da zai raba ku, in na sauya rumfa zai tambayi dalili. Na ce da ita a bar yaro, akwai mai ganinmu duka." Ya laluba ya dafa kaina ya ce, "Tashi, na yafe. Auna mini mudu uku."

Ɗan'uwa, na sha bulalar Kawu ba adadi, ba wadda ta shige ni kamar hannun nan da aka dafa mini a ka. Wata huɗu mutumin nan da iyalinsa suna rage tuwo saboda tsirena, ya sani, kuma kowane mako yana sa mini albarka. A ranar na gane Zabura ta 130. Da ya dake ni, da na ce mun yi biyan bashi. Da ya yafe, sai na ji ba zan iya sake haɗa hannuna da abin da zai ɓata masa rai ba har abada. In kuwa haƙurin ɗan Adam mai tufkar igiya ya yi mini wannan nauyi, ina ga haƙurin wanda ya ga kowane mudu, ya ji kowace "na cika", bai fasa fito mini da rana ba, har ya ba da Ɗansa domina? Da yamma na faɗa wa Kawu da bakina. Abin da ya biyo baya tsakanina da shi ne, amma an lissafa dawar, na biya daga guminta har ta cika.

Ba zan ce maka daga ranar na zama mala'ika ba, har gobe ina fama da zuciya. Sai dai na sami ma'aunin da nake gwada kaina da shi, kai ma ga shi in kana so. Kada ka auna tsoron Allahnka da ƙarfin muryarka a waƙa, ko da hawayenka a wurin addu'ar dare. Tambayi kanka wane ne makahonka. Wataƙila yarinyar da ke yi muku aiki ce, wadda iyayenta ke can ƙauye. Wataƙila maraya ne da gādonsa ke hannunka, ko tsohuwar da ba ta iya karanta rasit ba, ko lebura da ka ce ya dawo gobe alhali kuɗinsa na aljihunka, ko asusun ikilisiya da ba mai duba littafinsa sai kai. Yadda kake auna wa wannan mutum, haka tsoron Allahnka yake, kuma da wannan mudun za ka shiga sujada ran Lahadi. In akwai wanda ka shafe wa, kada ka jira wani mako, ba kullum ake tarar da Baba da rai ba.

Ubangiji ya ba mu tsoronsa irin na 'ya'yan gida, ya sa mu cika mudu ko ana gani ko ba a gani, ya karɓi sujadarmu saboda Yesu Almasihu. Amin.